Aikin Sa-kai a Sashen Yaɗa Labarai na Ƙungiyar Agajin Yara 'Yan Gudun Hijira: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa duk lokacin da aka ɗauki sababbin masu aikin sa-kai a sashen yaɗa labarai. Wasu tun ranar farko ake yin su, wasu kuma sai mutum ya yi tuntuɓe tukuna. Na sa musu lamba don a riƙa komawa baya cikin sauƙi. Kowace ƙungiya tana da nata ƙa'idojin a rubuce, kuma inda suka saɓa da abin da ke nan, nata za ka bi.

1. Wai mene ne aikin, takamaimai?

Kai ne bakin ƙungiya, wani lokaci kuma kunnenta. Za ka rubuta labaran da ake sawa a shafin intanet, ka shirya abin da za a wallafa a Facebook da Instagram, ka tace hotuna da bidiyo, ka yi fassara, ka tsara wasiƙar da ake aika wa masu ba da gudummawa, ka taya jami'in yaɗa labarai rubuta sanarwar manema labarai. Wannan shi ne ɓangaren da ke kallon duniya. Akwai na biyu da sababbin shiga ba su cika tunawa da shi ba, wato saƙon da ake isar wa su 'yan gudun hijirar kansu. Duba tambaya ta 13.

Yawancin ranaku ba su da wani armashi. Kana iya shafe yini guda kana sa wa hotuna suna da kwanan wata, kana haɗa kowanne da takardar yardarsa. Ni dai a wurina, wanda zai zauna ya yi wannan bai ƙosa ba ya fi gwanin kyamarar da ba ya ajiye takarda amfani.

2. Ashe ba duk wanda rikici ya kora daga gida ne ɗan gudun hijira ba?

A bakinmu na yau da kullum duka sunansu ɗaya. A wajen doka kuwa akwai bambanci. Yarjejeniyar Geneva ta 1951 ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda yake wajen ƙasarsa saboda tsoro mai dalili cewa za a tsananta masa a kan launin fatarsa ko ƙabilarsa, addininsa, ƙasar asalinsa, ra'ayinsa na siyasa, ko kasancewarsa cikin wani rukuni na jama'a. Da farko ta tsaya ne kan abubuwan da suka faru kafin 1951, sai ƙarin yarjejeniyar 1967 ya cire wannan iyaka. A 1969 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta faɗaɗa ma'anar har ta haɗa da wanda mamaya ko mummunan tashin hankali ya kora. Wanda ya gudu amma bai tsallaka iyaka ba, shi alhakinsa yana wuyan gwamnatinsa har yanzu, kuma a Afirka Yarjejeniyar Kampala ta 2009 ce ta yi magana a kansa. Mai neman mafaka kuma shi ne wanda ya shigar da buƙatarsa ba a yanke hukunci ba tukuna.

Kowace kalma tana ɗauke da haƙƙi. Idan ka kira yarinyar da yaƙi ya koro 'yar ci-rani, ka nuna wa mai karatu kamar neman kuɗi ta fito, alhali doka ta hana a mayar da ita inda za a cutar da ita. Shi kuwa yaro, a Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989, shi ne duk wanda bai kai shekara 18 ba. Ko da gemu ya fara tsiro masa, ko da tana goyon nata ɗan, duk ƙa'idojin da ke ƙasa suna aiki a kansu.

3. Sai na karanci aikin jarida za a ɗauke ni?

Ba dole ba. Ana dai so ka iya rubutu mai tsabta a harshe ɗaya aƙalla, ka riƙa cika alkawarin lokaci, ka kuma jure a dawo maka da rubutunka sau uku ana neman gyara. Samfurin aiki biyu ko uku, ko da na ƙungiyar ɗalibai ne, sun fi doguwar wasiƙar yabon kai tasiri. Wanda kuma ya iya harshen da yaran ke magana da shi, yana riƙe da abin da digiri ba ya bayarwa.

4. Ina ake neman aikin, kuma za a iya yi daga gida?

Ana iya yi daga gida, kuma akwai masu sa-kai da yawa a wannan fanni da ba su taɓa taka sansani ba. Shirin masu aikin sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNV, wanda aka kafa a 1970 yake kuma da hedkwata a Bonn ta ƙasar Jamus, yana da sashen aiki ta intanet ga wanda ya kai shekara 18, inda ake neman masu fassara da rubutu da zane. Hukumar UNHCR mai kula da 'yan gudun hijira, da asusun UNICEF, da Save the Children, da ƙungiyoyin Red Cross da Red Crescent na ƙasashe, duk suna sanar da guraben da suke da su a shafukansu. Kada ka raina ƙananan ƙungiyoyi, musamman waɗanda 'yan gudun hijira suka kafa da kansu. A can ake fama da ƙarancin hannu, a can kuma ake koyon aiki da sauri.

Abu ɗaya ka riƙe: ƙungiyar ƙwarai ba ta karɓar kuɗin fom, ko na horo, ko na “tabbatar da gurbi”. Duk wanda ya turo maka saƙo da tambarin wata hukuma yana neman ka biya kafin a ɗauke ka, ɗan damfara ne.

5. Ana biya?

Aikin sa-kai ta intanet ba a biya, sai dai takardar shaida idan an kammala. Wanda aka tura fagen aiki na tsawon watanni akan ba shi alawus na zama da inshora, wasu ƙungiyoyin kuma suna mayar da kuɗin mota da na data. Ka tambaya tun kafin ka fara, a rubuta maka. Babu abin kunya a ciki.

6. Kyauta zan yi aikin, me ya sa ake bincike na kamar mai laifi?

Domin an sha ganin masu cutar da yara sun shigo ta ƙofar taimako. A 2002 wani rahoto da UNHCR da Save the Children ta Birtaniya suka shirya ya fito da zarge-zargen cewa wasu ma'aikatan agaji a sansanonin Gini da Laberiya da Saliyo suna lalata da yara mata a madadin abinci da kayan tallafi. A 2003 Kofi Annan, Sakatare Janar na lokacin, ya fitar da umarnin da ya haramta wa ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya duk wata mu'amala irin wannan da wanda bai kai 18 ba, ko me dokar ƙasar ta ce, kuma cewa “ban san shekarunta ba” ba hujja ba ce. Daga nan tsarin ya bazu zuwa sauran ƙungiyoyi.

Shi ya sa za a nemi masu tsaya maka, wataƙila da takardar shaidar 'yan sanda, a sa ka yi horon kare yara, ka sa hannu kan ƙa'idar aiki. Ko daga gida kake aiki haka abin yake, don fuskokin yara da sunayensu za su shigo kwamfutarka. Ƙungiyar da ta miƙa maka hotunan yara ba ta tambaye ka komai ba, ita ce abar gudu.

7. Yaya ake neman izini kafin a ɗauki hoton yaro ko labarinsa?

Izini biyu ake nema: na uba ko uwa ko wanda yaron ke hannunsa, da kuma na yaron kansa gwargwadon wayonsa. Idan uwa ta yarda yaro ya noƙe, an fasa. A yi bayanin da harshen da suke ji, a faɗa musu inda hoton zai je, wa zai gani, har tsawon wane lokaci, da cewa abin da ya hau intanet mutanen ƙasar da suka baro ma za su iya gani. Mafi kyau ka ciro waya ka nuna musu shafin ƙungiyar, su ga yadda hoton wani ya fito. Gani ya kori ji.

Sai dai takarda kaɗai ba ita ce yarda ba. Na taɓa tsayawa ina kallon wata uwa a layin rabon kaya, goyo a baya, katin rabo a tsakanin haƙoranta domin hannayenta biyu suna riƙe da yara. Wani abokin aikinmu ya miƙo mata takarda ya nuna inda za ta dangwala. Ta saki hannun yaro ɗaya, ta dangwala, ko kallonsa ba ta yi ba, idonta na kan layi kada a wuce ta. A cikin fayil, izini ya samu. A zuciyarta kuwa, takardar nan tana cikin sharuɗɗan karɓar kaya. Ba mu yi amfani da hoton ba.

Wanda yake karɓa daga hannunka yana jin nauyin ce maka a'a, balle yana ganin rigarka da tambarin masu rabo. Don haka kada a nemi izini a wurin rabo ko a bakin asibiti. A faɗa da baki, a maimaita: “Ko kin ƙi, babu abin da zai taɓa tallafinki.” A ba su lokaci su yi shawara. A kuma bar musu hanyar da za su same ku idan sun canza ra'ayi, wanda bayaninsa ke tambaya ta 19. Yaron da ba shi da babba tare da shi, wannan ba hurumin mai sa-kai ba ne, duba tambaya ta 12.

8. Hoton yaro mai kuka ko mai rama ai shi ke kawo gudummawa. Me ya sa ake hana mu?

Gaskiya ne yana kawowa, babu amfanin musu. Hoton da Kevin Carter ya ɗauka a kudancin Sudan a 1993, na yaro a durƙushe da ungulu a bayansa, ya girgiza duniya har ya ci lambar yabo ta aikin jarida ta Pulitzer a 1994. Hoton gawar Alan Kurdi, ƙaramin yaro ɗan Siriya, a bakin teku kusa da Bodrum ta Turkiyya a watan Satumban 2015, ya sa gudummawa ta yi tashin gwauron zabi. Amma cikin 'yan makonni ta sake sauka. Firgici yana buɗe aljihu, sai dai ba ya daɗewa, kuma kowane sabon hoto sai ya fi na baya muni kafin ya motsa mutane. Waɗancan ma 'yan jarida ne suka ɗauka. Kai kuwa ma'aikacin ƙungiyar da aka ba amanar yaron ne.

Ƙa'idar aiki ta 1994 da Red Cross da manyan ƙungiyoyin agaji suka amince da ita ta ware sharaɗinta na goma kan wannan: a wajen talla da yaɗa labari, a nuna waɗanda bala'i ya shafa a matsayin mutane masu mutunci, ba abin tausayi marasa katabus ba. A aikace, ba a ɗaukar yaro tsirara ko rabin tsirara, ba a ɗaukarsa yana cikin ciwo ko fitar hayyaci, ba a ce masa ya ɓata fuska ko ya cire takalmi don ya fi kama da mabuƙaci. Ka durƙusa kyamara ta yi daidai da idonsa maimakon ka leƙo shi daga sama. Ni awon da nake yi shi ne: yarinyar nan in ta kai shekara 25 ta ci karo da hoton, za ta nuna wa ƙawayenta ko za ta so ƙasa ta tsage ta shige?

Wannan ba ya nufin a yi ta wallafa murmushi kamar babu matsala, shi ma ƙarya ce. Ana iya nuna aji mai cunkoso, ko layin jarkoki a bakin famfo, wahalar ta fito fili ba tare da an tozarta kowa ba.

9. Yaushe ake ɓoye suna da fuska da wuri?

Jagorar UNICEF kan ba da labarin yara ta ce a sauya suna a kuma ɓoye fuskar duk yaron da aka yi wa lalata, ko mai ɗauke da cutar HIV, ko wanda ake tuhuma da laifi. Haka ma yaron da aka taɓa sa shi cikin mayaƙa, da mai neman mafaka ko ɗan gudun hijira idan bayyana shi na iya jawo ramuwar gayya. Ga sauran, ƙungiyoyi da yawa ba sa haɗa abu uku wuri ɗaya: cikakken suna, fuska, da takamaiman wurin zama. Idan ka sauya suna, ka faɗa wa mai karatu an sauya.

Inda ake yin kuskure shi ne bayan hoton. Ni kaina na taɓa wallafa hoton wani yaro da na ɓoye sunansa tsaf, ashe a jikin tantin da ke bayansa an rubuta lambar layi da ta tanti da baƙin fenti. Wata abokiyar aiki ce ta gani bayan awa biyu. Muka sauke, amma an riga an yaɗa shi, kuma magana zarar bunu ce. Tun daga ranar nake faɗaɗa kowane hoto ina bin kusurwoyinsa: bajen makaranta a ƙirji, katin rabo a hannu, allon sanarwa, lambar mota. Sannan wayoyi da kyamarori da yawa suna liƙa wa hoto bayanan ɓoye, har da wurin da aka ɗauka. A kashe wannan kafin a fita, a kuma goge shi kafin a tura wa kowa.

10. Ni mace ce, an ce in yi hira da wasu yara. Ta ina zan fara?

Ki fara da zama a inda ake ganinku amma ba a jin ku, tare da wani babba da yarinyar ta yarda da shi. Kada ki kaɗaice da yaro, ko na minti biyar ne. Ki faɗi sunanki da dalilin zuwanki, ki gaya mata tana iya tsayawa duk lokacin da ta so. Tambayoyinki su tsaya kan yau da gobe: me take koya, wa take wasa da shi, me take so a gyara a makarantar. Kada ki ce ta ba ki labarin daren da suka gudu. Idan ta kawo shi da kanta, ki saurara, kada ki tona. Ke ba mai ba da shawarar ƙwaƙwalwa ba ce, kuma ke za ki tafi, ita za ta kwana da abin da kika tayar.

Ki tambaya ko an taɓa yin hira da ita. Akwai yaran da suka iya magana, sai kowane baƙo a kai shi wurinsu, har labarin ya zama kamar hadda. Idan da tafinta, ki roƙe shi ya faɗi abin da ta ce yadda ta ce, kada ya gyara mata. Ke ma wajen rubutu kada ki sa mata kalaman manya a baki. Kuma kada ki yi alkawarin komai, ko da “zan dawo” ne, in ba ki da tabbas.

11. Idan yaro ya gaya mini ana cutar da shi fa?

Ka ajiye biro da kyamara, wannan ya daina zama labari. Ka saurara a natse, ka gaya masa ya yi daidai da ya faɗa. Kada ka yi masa alkawarin riƙe sirri, ka ce za ka gaya wa mutum ɗaya wanda aikinsa ke nan. Ka kai wa jami'in kare yara na ƙungiyar a ranar, ka rubuta abin da yaron ya faɗa da kalmominsa. Kada ka yi bincike da kanka, kada ka tunkari wanda ake zargi, ko da abokin aikinka ne ko shugabanka. Sunan wannan jami'i da lambarsa su ne abin da za ka fara nema ranar da ka kama aiki.

12. Yaron da ya rabu da iyayensa, ba sai mu yaɗa hotonsa a gano su ba?

A'a, duk da niyyar mai kyau ce. Sanar da duniya cewa ga yaro ba shi da kowa, ga kuma inda yake, gayyata ce ga masu safarar yara da masu da'awar ƙarya. Neman dangi yana da masu yinsa: kwamitin ƙasa da ƙasa na Red Cross, wato ICRC, yana da cibiyar neman waɗanda suka ɓace a Geneva, yana aiki da rassan Red Cross da Red Crescent, tare da UNHCR da UNICEF. Su ma wani lokaci suna amfani da hoto, amma da tsari, kuma ba sa miƙa yaro sai sun tantance mai da'awar. A rubutu ka lura da bambanci: akwai yaron da ya rabu da iyayensa amma yana hannun wani dangi, akwai kuma wanda babu wani babba tare da shi. Kada ka kira ko ɗaya maraya sai an tabbatar.

13. Me ake nufi da sadarwa da su 'yan gudun hijirar kansu?

Mutumin da ya isa baƙuwar ƙasa yana buƙatar sani kamar yadda yake buƙatar ruwa. Ina ake rajista? Jaririn da aka haifa a nan zai samu takardar haihuwa? Makarantar kyauta ce? Idan ba a ba da amsa ba, jita-jita za ta bayar: cewa rigakafi na hana haihuwa, ko wanda ya yi rajista za a mayar da shi gida. Aikinka shi ne ka ji abin da ake faɗa, ka kai wa masu amsa, ka dawo da amsar a gajarce ta hanyar da mutane suka saba, ko rediyo, ko lasifika, ko saƙon murya a WhatsApp, ko bakin malaman makaranta.

Harshe shi ne babban tarko. Lokacin da 'yan Rohingya sama da 700,000 suka tsallaka daga Myanmar zuwa Cox's Bazar ta Bangladesh daga watan Agustan 2017, an yi ta dogaro da tafintoci masu harshen yankin Chittagong saboda yana kama da nasu. Kama ce kawai, ba ɗaya ba ne, ga shi harshen Rohingya na baka ne galibi, don haka takardar da aka manna a bango ba ta isa ga yawancinsu ba. Kafin ka buga komai, ka gwada shi a kan mutum biyar daga cikinsu, har da mata da yara, ka ce su maimaita maka abin da suka fahimta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

14. Ina zan samo alƙaluma, kuma yaya zan yi amfani da su?

UNHCR tana fitar da babban rahotonta na shekara a watan Yuni, dab da Ranar 'Yan Gudun Hijira ta Duniya, 20 ga Yuni. A ƙarshen 2023 ta ƙiyasta mutum miliyan 117.3 da aka raba da gidajensu ala tilas, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne. Ga tarkon: miliyan 68.3 daga cikinsu ba su bar ƙasashensu ba. Wanda ya rubuta “'yan gudun hijira miliyan 117 sun tsallaka iyaka” ya yi kuskure, dalilin yana tambaya ta 2. Kowane adadi ka haɗa shi da shekararsa da mai shi. Na aikin ƙungiyarku kuma, daga jami'in da ke tattara bayanai za ka karɓa, kuma ka bambanta yaran da aka yi wa rajistar makaranta da waɗanda suke zuwa aji a zahiri.

15. Zan iya faɗar wanda ya jawo yaƙin? A shafina na kaina fa?

A shafin ƙungiya, ba kai ke yanke wannan ba. Aikin jin ƙai yana tsaye kan tausayin ɗan Adam, rashin nuna bambanci, da rashin ɗaukar ɓangare, waɗanda Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da su a 1991, daga baya aka ƙara cin gashin kai. Wasu na ganin shirun tsoro ne. Amma motar da ke kai magani sai ta bi ta shingen kowane ɓangare, kuma jimla ɗaya a intanet tana iya sa a rufe mata hanya. Akwai ƙungiyoyin da aikinsu shi ne fallasa, akwai masu kai kaya, ka san wacce kake ciki.

Shafinka naka ne, sai dai idan ka rubuta sunan ƙungiyar a bayaninka, mai karatu ba zai raba ku ba. Hotunan yaran kuma ba sa hawa shafinka ko kaɗan, domin ƙungiya aka ba izini, ba kai ba. Hoton kanka a tsakiyar yara ana ta yi maka sambarka, a bar shi.

16. Wani ya rubuto yana so ya aika wa yarinyar da ya gani kuɗi, wani ma yana so ya ɗauke ta riƙo. Me zan ce?

Ka gode masa, ka nuna masa hanyar ba da gudummawa ga shirin baki ɗaya. Ba a haɗa baƙo da yaro kai tsaye, ba a ba da lamba ko wurin zama. Batun riƙo kuwa, ƙa'idar duniya ita ce ba a ba da yaro a tsakiyar rikici ko dab da bayansa, domin da yawa iyayensu suna raye ana neman su. Masu zagi da kalaman ƙiyayya a ƙarƙashin hoton yaro, a ɓoye ko a goge bisa tsarin ƙungiya, kada ka tsaya cacar baki. Mai tambaya ta gaskiya, ko da da zafi ya yi ta, a ba shi amsa.

17. To me zai hana mu yi amfani da hoton ƙirƙirarriyar basira, tunda babu yaron gaske a ciki?

Yana magance matsala ɗaya ya haifo biyu. Na farko, jarin ƙungiyar agaji shi ne a yarda da ita. A 2023 Amnesty International ta janye wasu hotuna irin waɗannan da ta yi amfani da su kan zanga-zangar Kolombiya bayan suka ta yi yawa, duk da ta rubuta cewa na'ura ce ta yi su. Na biyu, na'urar daga tsofaffin hotuna ta koya, don haka in ka ce ta zana yaro ɗan gudun hijira, mai yagaggen kaya da idon tausayi za ta ba ka, abin da tambaya ta 8 ke gudu. Zanen hannu da kowa ya san zane ne, ko hoton hannaye, ko na jakar makaranta, sun fi. Kuma kada ka loda hoton yaro na gaske ko bayanansa cikin irin waɗannan manhajoji sai ƙungiya ta amince.

18. Labaran nan sun fara hana ni barci. Rauni ne?

Ba rauni ba ne, kuma yana samun wanda bai taɓa barin ɗakinsa ba. Mai tace bidiyo yana kallon abu ɗaya sau talatin. Ka rage sauti in ba ka buƙatarsa, kada ka yi irin wannan aiki dab da kwanciya, ka gaya wa mai kula da kai tun abin bai yi nisa ba. Neman a sauya maka aiki na ɗan lokaci ya fi ka ɓace ba sallama, wanda shi ne abin da yawanci ke faruwa.

19. Idan iyali suka janye izininsu, ko ni na tashi barin aikin, yaya za a yi da hotunan?

Idan suka janye, a sauke daga duk inda ƙungiya ke da iko, a yi wa fayil ɗin alama kada wani ya sake ɗauka bayan shekara biyu, a kuma gaya musu gaskiya cewa abin da wasu suka riga suka kwafa ba ya dawowa. Ba a tambayar su dalili. Ko ba su janye ba, ƙungiyoyi da yawa suna sa wa hoto wa'adin 'yan shekaru, domin ɗan shekara 8 da ya yarda ba shi ne saurayin da zai nemi aiki da wannan fuska ba.

Kai kuma in za ka tafi, ka miƙa komai ka goge naka. A watan Janairun 2022 ICRC ta sanar cewa an yi kutse cikin rumbun da ke ɗauke da bayanan mutane sama da 515,000, ciki har da waɗanda suka rabu da danginsu. Idan hakan ta samu hukuma mai ƙwararrun tsaro, wayarka da ke yawo a aljihu ba ta fi ƙarfi ba. Ka duba ma'ajiyar hotuna, da abin da waya ta kwafa zuwa intanet da kanta, da tsofaffin saƙonnin WhatsApp, da kwandon shara na kwamfuta. Ka mayar da kalmomin sirri na shafuka a sauya su. In kana son samfurin aiki don neman wani gurbi, ka nemi izini a rubuce, kuma ka tsaya kan abin da aka riga aka wallafa.